Yadda 'Yan Kallo Suka Shiga Cikin Wasana

Shekara biyu na yi ina ƙera wasan nan, mahaifina ya wargaza shi kafin shayin da ke gabana ya huce. Ko zama bai yi ba. A tsaye yake, hannu a baya, carbi na lilo.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Suki. Kowa a wurinmu da hawasha yake rayuwa, wato gonar ban ruwa da magidanci ya gada. Ruwa na fitowa daga babbar tur'a, wato uwar magudana, ya shiga ƙaramar kwata, kwatar ta bi gonaki a jere. Wanda gonarsa ke kai ya sha ya ƙoshi, wanda ke wutsiya ya yi ta jira yana zage-zage. Tamu a wutsiya take. Tun ina yaro babu abin da na fi ji a gidanmu kamar faɗan ruwa, shi ya sa da na tashi yin wasa ban yi dogon tunani ba.

A bayan kwalin sabulu na zana shi. Kwata ɗaya, gonaki huɗu daga kai zuwa wutsiya, mutum huɗu su zauna kowa da gonarsa. Marafan kwalabe ne shuka: ja auduga, fari dawa, kore gyaɗa. Shuɗin zare ne ruwa. Ƙwayar ludo kuwa ko kusantarta ban yi ba, na san da dattawa sun gan ta za su ce caca na kawo. Sai na yanka katuna daga bangon tsofaffin littattafai, na zana musu tsutsa da ciyawa da maganin feshi da ƙofar ruwa, don kada wani ya ce karta ce. Kowane ɗan wasa na riƙe biyar a ɓoye, ya jefa wa maƙwabci tsutsa, ko ya sace ruwa a lokacin da ba a zata ba. Wanda ya fi girbi shi ya ci.

Ɓoyon nan ba daga kaina na samo shi ba. Akwai wani zaure a waya na masu ƙera irin waɗannan wasanni, mutanen ƙasashe masu nisa, ina karanta shawarwarinsu a bayan aji inda waya ke kamawa. Sun ce fara da kwalin banza, kada ka kashe kanka kan ado. Sun ce dokoki su zama gajeru. Sun ce ba mutanen da ba sa jin kunyarka su buga, kai kuma ka rufe baki ka kalla. Duk wannan gaskiya ne, har gobe ina faɗa wa mai tambaya. Amma sun kuma ce daɗin wasa yana cikin abin da abokin hamayya bai sani ba, na haɗiye wannan ma ban tauna ba. Na gwada shi sau ba adadi a ɗakina, ni da malamai uku, ƙofa a rufe, yana tafiya sumul. Ashe ƙofar ce ke riƙe da shi.

Ƙanen mahaifiyata yana da 'yar maɗaba'a a birnin Madani, yana buga katin biki da littattafan makaranta. Da ya zo gaisuwa na shimfiɗa masa kwalin a zaure, Baba na gefe yana hararar mu. Kawu ya juya shi, ya juya, ya ce, “Ɗana, ni ba na buga abin da zai kwanta min a shago ƙura na ci. Nan da Juma'a uku zan dawo. Ka kai shi gindin itacen nim inda ake dara. In an gama, su da kansu suka ce a sake, kai ba ka buɗe baki ba, zan buga maka.”

“In kuma ba su ce ba,” in ji Baba, “kwalin wanga ya shiga murhu. Ka tashi makaranta ka same ni gona kamar ɗan kowa.”

Ba zalunci ya yi ba. Gwiwoyinsa sun fara gajiya, ni kuma kullum da la'asar ina ɗaki da almakashi. Mutane har sun fara tambayarsa wai ɗansa ya gama noman kwali? Na ce na yarda, a gaban su biyun. Da bakina na ce.

Washegari na ce bari in gwada a gindin nim ɗin tun kafin ranar. Bayan la'asar ne, an cika. Na zaunar da mutum huɗu, ciki har da mai shagon bakin masallaci da wani tsohon tela wanda taubashin Baba ne, su biyun ba sa haɗuwa ba su ci mutuncin juna ba. Na raba katuna, na ce kowa ya ɓoye nasa. Mutane suka kewaye mu. Baba ya zo ya tsaya daidai bayan tela, ya leƙa.

“Kai, tsutsa har biyu a hannunka kana zaune! Jefa wa mai shago!”

Mai shago ya ji, ya riƙe maganin feshinsa yana jira. Wani daga can ya ce, “Wannan yana da ƙofar ruwa, ɓoyewa yake!” Wani ya zagayo ya duba ko gaskiya ne, ya tabbatar da ƙarfi. Kafin a zagaya sau biyu babu katin da duk unguwar ba ta sani ba. Jinina ya hau. Na miƙe na ce, “Don girman Allah ku yi shiru! Doka ce! Ba a faɗa!”

Suka yi shiru kuwa. Wallahi da ma ba su yi ba. Mutum huɗu na ajiye katuna kamar masu biyan bukatar wani, na tsaye na kallon sama. Ɗaya ya zame, biyu suka bi shi, can sai na ji ihu ya tashi a wajen ramukan dara. Baba ne na ƙarshen tafiya. Ya ce, “To mu mi za mu yi? Mu tsaya kamar a maƙabarta?” Ya juya abinsa.

Na koma gida ina huci, ina cewa mutanen nan ba su san wasa ba, ba su waye ba, gara in kai wa jakuna. Matata ta bar ni na gama, ta ce in an gama zagin gari abinci na nan.

Mako guda cur na ɓata ina yaƙi da 'yan kallo. Na tambaya a zauren waya, wani ya ce in yi wa kowane ɗan wasa ɗan shinge na kwali ya ɓoye katunansa a baya. Na yi. Baba ya fi shingen tsayi. Na jingina 'yan wasa da katangar masallaci don kada kowa ya tsaya a bayansu, sai mutane suka tsugunna a gefe suna leƙe ta hammata. Na rage girman katunan, tela ya ce shi ba ya gani, ya ɗaga nasa sama yana tambayar jama'a mene ne wannan. Haba! Ranar na kusa kuka.

A mako na biyu ban ma fito da kwalin ba. Na je gindin nim na zauna kan saiwa ina fushi da kowa, ina kallon dara don ba ni da abin yi. Tela ne ke bugawa da wani. Ya ɗauki tsinke zai sa a rami, baki goma suka tashi a kansa. “Ba nan ba!” “Ka makance?” “Bar shi ya sa, ya ga abin da zai same shi!” Ya mayar da hannu. Baba ya nuna wani rami da ƙafa, tela ya zage shi, sannan ya sa a inda aka nuna. Ya ci. Wa aka yi wa kirari? Baba. Wa aka yi wa dariya? Wani mutum can a tsaye da ya ba ɗaya ɓangaren shawarar banza, shi ko tsinke bai taɓa ba.

Na ji kunya ta kama ni tun daga wuya. Shekara talatin ina kallon dara, ina zaton wasan mutum biyu ne. Biyun da ke zaune hannu kawai suka bayar, wasan na sama yake, a bakunan da ke tsaye. Ni kuma na zo da wasa na ce wa mutum goma sha biyu aikinku shi ne shiru. Su waye za su ce a sake?

Na tashi ban yi wa kowa sallama ba. Na je gida na tattara shingayen kwalin nan na ba matata ta hura wuta da su. Na sauya doka. Katuna a buɗe a kan tabarma, kowa ya gani. Ruwa kuma na cire shi daga hannun na zaune gaba ɗaya, na ba na tsaye. Duk zagaye ruwan gona biyu kawai ke zuwa. Na zaune su yi roƙo, su yi alkawari, su yi ƙarya in sun ga dama. Kowane mai tsayuwa yana da abin jefawa guda biyar, nasa daban da na kowa, wani ƙwallon dabino, wani na aduwa, wani tsakuwa. Ya jefa ɗaya gaban gonar da yake so ta sha. Gonaki biyun da suka fi samu, su ake ja wa zare.

Na gwada a harabar makaranta bayan an tashi, da malamai da masu gadi da wasu da suka zo wucewa. Hayaniya ta tashi, na ji daɗi. Amma sai wata matsalar ta fito, kowa ɗan'uwansa yake jefa wa. Mai dangi da yawa ya ci tun kafin ya shuka. Saura kwana takwas Kawu ya zo, ni kuma kaina ya ƙulle.

Matata ce ta ce in ba ta aron kwalin. Mata kan taru a gidan maƙwabciyarmu da hantsi su sha jabana, gahawar nan da ake dafawa a ɗan tulun ƙasa ana zagayawa har sau uku. Na ba ta ba don na sa rai ba. Kwana uku tana tafiya da shi. A na huɗu ta dawo da shi da tabon gahawa a ɗaya daga gonakin tsakiya, ta ce abu biyu. Na farko, ya yi tsawo, ana gama tulu na uku ba a yi girbi ba, don haka sun yanke zagaye biyu. Na buɗe baki zan yi faɗa, ta ce in jira. Na biyu, na tsaye sun gaji da tsayuwa, sai suka yi doka: wadda ta fi jefa wa gonar da ta ci, ita za ta karɓi wurin wadda ta zo ƙarshe. “Tun da muka sa haka,” in ji ta, “babu wadda ta ƙara jefa wa 'yar'uwarta don zumunci. Kowa gonar da za ta ci take nema. Har ni na jefa wa wadda ba ma ga maciji.”

Na tsaya ina kallonta. Shekara biyu da zauren masana a aljihuna, ga abin da ya gagare ni an warware shi tsakanin tulu na ɗaya da na uku. Na ce mata tabon gahawar ma ba zan goge ba.

Juma'ar ta zo. Kawu ya sauka daga bas cikin farar jallabiya da rawani, aka sauko daga masallaci, aka ci abinci, bayan la'asar muka nufi gindin nim. An kawo masa gadon igiya ya zauna. Ya ce in faɗi dokoki sau ɗaya, daga nan in zo in zauna kusa da shi, kuma in ya ji ko tari na yi da niyya, magana ta ƙare. Na faɗa. Da na zo wajen cewa na tsaye su ne masu ruwa, kuma a yi surutu yadda aka ga dama, sai aka kalli juna. Mutane suka bazu neman abin jefawa. Wani ya tsinko 'ya'yan nim, wani ya zazzage gyaɗa daga aljihu. Baba ya ce shi ba ruwansa, amma na ga yana cin dabino da sauri yana tara ƙwallayen a tafin hannu.

Aka yi ƙuri'ar gonaki. Mai shago ya samu kai, tela ya faɗa wutsiya. Gonar kai tana da gata a dokar, in an yi kunnen doki ita ke sha, kamar dai yadda abin yake a gaske. Mai shago ya gyara zama yana murmushi.

Zagayen farko tela ya ɗaga hannu biyu yana roƙo. “Jama'a, ku dubi maraya! Dawata ta sunkuyar da kai!” Aka yi dariya, amma mai shago aka jefa wa. A na biyu wani ya lura mai shago ya cika gonarsa da auduga ga tsutsa a buɗe gaban maƙwabcinsa. “Ya zol, bawan Allah, wannan gonar matacciya ce, kada ku ɓata ƙwallo!” Gardama ta kaure. Mutum biyu suka kusa kama rigar juna kan gyaɗar da ba ta wuce marfin kwalba ba. Masu dara suka bar tsinkayensu a ramuka suka taho. Baba ya ratso, ya tsaya a kan tela, ya jefa dabino gaban wutsiya.

“Ba don kai ba,” ya ce, “mummuna. Don wutsiya na yi.”

“Na gode, sarkin surutu. Ƙaro ɗaya.”

Ya ƙara. Ya kuma ƙarawa. Yana jefawa yana yi wa mutane wa'azi kan yadda na kai suke shanye haƙƙin na wutsiya tun zamanin kakanni, har wasu suka biyo shi. Ni ina kan gadon igiya na cije leɓe, hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada su yi magana da kansu. Aka zo girbi. Tela ya fi na biye da shi da marfi ɗaya tak. Mai shago ya zo ƙarshe, ya tashi yana kakkaɓe riga yana cewa an haɗe masa kai.

Ihu ya lafa. Mutane suka fara miƙa, wani ya duba rana, wani ya waiwaya wajen dara. Babu wanda ya ce a sake. Kawu ya sa hannu yana laluben takalminsa a ƙarƙashin gado. Dokar karɓar wuri na faɗe ta a farko, amma wa zai tuna? Ga ta a bakina, ba halin in furta.

Tela ne ya sunkuya yana tattara abin da aka jefa masa, yana warewa. Aduwa biyu, tsakuwa uku, gyaɗa ɗaya da wani ya riga ya ɓare. Ya ɗago. “Dabino huɗu. Wa ke da dabino? Ai Ustaz ya ce wanda ya fi jefawa shi zai zauna.” Ni yake nufi, haka ake kiran malami a wurinmu.

Duk aka juya ga Baba. Ya ce, “Ni? Ban zama wasan yara.”

“Ku ƙyale shi,” in ji tela, yana share wurin mai shago da tafin hannu a hankali. “Tsoro yake ji. Ya san in ya zauna, ko a kai aka sa shi gonar bushewa za ta yi, kamar tasa ta gaske.”

Kai! Wurin ya ɗauki “Ayya!” Baba ya zura carbi a aljihu. Ya cire takalmi ɗaya, ya cire ɗayan. Ya dafa kafaɗar wani, ya sauka ƙasa da ƙyar, gwiwoyin na ƙara kowa na ji. Ya jawo kwalin gabansa ya daidaita shi.

“A sake,” ya ce. “Yalla, raba. Yau za ka san wa ke noma.”

Mutane suka ruga neman ƙwallaye. Kawu ya saki takalmin, ya matso kunnena ya ce, “Halas, shi ke nan. Ka kawo min shi Madani ranar Lahadi, da dokokin a rubuce, Hausa da Larabci.” Don daɗi sai kai nake ta gyaɗawa kamar wawa. Daga baya ya buga shi kuwa, a kwali mai kauri da launi huɗu. Da ya ce in faɗi adadin 'yan wasa a rubuta a bayan akwati, na ce ya sa huɗu a zaune da duk wanda ya tsaya. Ya ce ba a rubuta haka, na ce a wannan za a fara.

Amma a ranar, wasan bai ƙare ba. Baba ya samu kansa a gonar kai karon farko a rayuwarsa, sai ya yi abin da ya gama zagin mai shago a kai, ya cika ta da auduga, dawa 'yar kaɗan a gefe. Mutanen da ya yi wa wa'azi ɗazu suka riƙe wa'azin, suka yi ta jefa wa wutsiya. Zagaye biyu bai sha ba. Tela ya ajiye masa tsutsa yana waƙa. A na uku ya samu ruwa da ƙyar, wanda zai ishi shuka ɗaya kawai. Ya riƙe zaren, hannun na tsaye a sama. Baki goma na ba shi shawara goma. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya waiwayo har inda nake.

“Ustaz,” ya ce. “Mi zan yi?”

Tunda aka haife ni bai taɓa kirana da haka ba, bai kuma taɓa tambayata yadda za a yi da komai ba. Na dubi Kawu. Ya ce, “Yo tashi mana, bakinka ya buɗe.”

Na tashi na ratsa mutane na tsaya a bayan mahaifina, na leƙa ta kafaɗarsa. Muryata ta fito fiye da yadda na so.

“Baba, bar audugar nan ta mutu! Shayar da dawa!”

Mutumin da ya yi shekara arba'in yana noman auduga. Aka ce ba zai yi ba, tela ya ce in ya yi a aske masa gemu. Baba bai kula kowa ba, ya ja zaren ya ɗora kan dawa. Na laluba aljihu, babu dabino babu tsakuwa, sai guntayen alli. Su na yi ta jefa masa har aka yi girbi.

Bai ci ba, na biyu ya zo. Aka kira magariba yana cewa a sake na uku, aka ce sai gobe. Na sunkuya zan tattara kaya, ya buge min hannu. Shi ya zuba marafan a aljihunsa, ya naɗe zaren a yatsa, ya sa kwalin a hammata. Wani ya miƙo hannu zai karɓar masa, ya ce, “Kul! Na ɗana ne.” Muka tafi masallaci yana gaba ina biye.